Kujerun Aro a Ɗakin Sebastian

Uba yana tsakiyar yanka wa wata mata leshi a shagonsa na kayan ɗinki da ke kasuwar Sabon Gari, sai ya ɗaga kai ya ga Clementina tsaye a bakin ƙofa. Ba sallama, ba gaisuwa. Ita ce maƙwabciyar abokinsa Sebastian a gidan haya, bango ɗaya ya raba ɗakunansu, kuma tun da Uba ya san ta bai taɓa ganin ta fito kasuwa ba ɗankwali ba sai ranar.

"Malam Uba," ta ce, "abokinka ya rasu. Da safen nan muka ɓalle ƙofar."

Almakashin bai tsaya ba. Hannun ya ci gaba da aikinsa kamar ba a jikin mai shi yake ba, har ya kauce ya shiga cikin leshin a karkace. Mai leshin ta ce, "Haba Malam, ka ɓata mini!" Sai ta dubi fuskarsa, ta ɗauki jakarta, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta fita.

Uba ya yi salati. Kuka bai zo masa nan take ba. Teburin da ke jikin ƙofar shagon ya tsura wa ido, inda Sebastian ya yi shekara da shekaru yana gyaran keken ɗinki. Akwai kan wani keke a kai, an buɗe cikinsa, 'yan ƙusoshinsa na zube a murfin gwangwanin madara suna jiran mai mayar da su.

A Sabon Gari aka haifi Sebastian. Ubansa mutumin kudancin Kaduna ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Zariya, ya zauna har ƙasa ta rufe shi. Benci ɗaya suka zauna da Uba a firamare, bulala ɗaya suka sha, kuma a cikinsu ba wanda ya yi nisa a boko. Uba ya gaji shagon mahaifinsa. Sebastian ya koyi gyaran keke wajen wani tsoho, ya zo ya kafa teburinsa a inuwar shagon, ba haya, ba yarjejeniya. Teloli su shigo sayen zare da allura, su fita su ajiye masa kekunansu. Kafin ya taɓa keke sai ya sa mai shi ya taka, ya karkatar da kai yana saurare kamar mai jin gulma, sannan ya ce, "Wannan ba ciwo gare shi ba, ƙishin mai yake ji."

Uba yana kiransa Injiniya. Shi kuma yana kiran Uba Alhaji, alhali ko filin jirgi Uba bai taɓa takawa ba.

"Alhaji, bana ma ba za a koma ba?"

"Ai jira nake ka gama haɗa mini jirgin."

Da Sallah a gidan Uba na Dogarawa yake wuni, matar Uba, Ruƙayyatu, ta san kwanonsa. Da Kirsimeti kuwa sai ya zo da kaza mai rai a hammata, ya ce, "Yanka mini da hannunka, kada gobe ka ce ba ka ci."

Ba za a rufe abin da shi kansa bai rufe ba: Sebastian ya sha giya. Da burkutu ya fara, ranar Lahadi bayan an tashi coci, daga baya ya koma ogogoro kullum. Ba ya duka, ba ya zagi, amma abin da ya samu da safe ba ya kaiwa gida da yamma. Matarsa Martina ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. Ranar da ta dawo ta tarar ya sayar da keken ɗinkinta, wanda shi da kansa ya haɗa mata lokacin aurensu, nan ta yanke shawara. Ta ɗaure kayanta ta koma wajen danginta, daga baya aka ji ta yi wani aure. Ta bar masa 'yarsu tilo, Happiness, tana firamare.

Yarinyar nan ta tashi ta san hanyar mashaya kamar yadda ta san ta makaranta, don ita ke zuwa ta riƙo hannunsa zuwa gida. Wata rana, tana shekararta ta farko a sakandare, ta zo ta tsaya gaban teburin da kayan makaranta a jikinta. A gaban Uba da wasu teloli ta ce, "Baba, ka san sunan da ake kirana a ajinmu? 'Yar Kwalba." Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "In ka ƙara sha, ni ba ni da uba."

Washegari ya je wajen Fada, limamin cocinsu, ya ɗauki alkawari, ya dawo ya shimfiɗa tabarma a bayan kantar Uba. Ya yi kwanaki yana rawar ɗari da zufa, yana korar abubuwan da shi kaɗai yake gani a bango. Ruƙayyatu na aiko da kunu. Da ya miƙe sai ya kama goro, kullum da ɓari a kumatu, haƙora ja wur. "Giyar Alhazai," in ji shi. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi haske a rayuwarsa. Hannunsa ya daina rawa, kekuna suka yi layi, kuma duk telan da ya zo karɓar nasa sai ya fara jin labarin ƙwazon Happiness kafin a ba shi.

Da ta gama sakandare ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a jami'ar da ke Samaru. Mota ɗaya ake shiga daga Sabon Gari, amma ga mai gyaran keke kamar bangon duniya ne. Sai wata malamarsu ta ba ta labarin wata gidauniya ta wasu attajirai daga Legas, mai ɗaukar nauyin karatun yaran da suka fito daga gidajen da suka watse: gidan mashayi, gidan duka, gidan da uwa ta gudu. Su ke biyan komai har a gama. Amma ba sa ɗaukar yaro sai sun zo sun ga gidan da idonsu.

A duk bayanin nan abu ɗaya kunnen Sebastian ya ɗauka: manyan baƙi za su zo ɗakinsa daga Legas.

Kuma ba shi kaɗai ba, gidan hayar gaba ɗaya ya tashi tsaye. Baƙonka annabinka. Ina za a bar mutanen Legas su zauna a tabarma, su koma su ce 'yan Sabon Gari ba su san mutunci ba? Clementina ta fito da kujerunta masu taushi da labulen da take ajiye wa Kirsimeti. Albert, malamin makarantar da ke ɗakin ƙarshe, ya kawo talabijin da fanka. Wani ya ba da leda ta tsakar ɗaki, wani agogon bango. Sebastian ya shafe bangon da sabon fenti, ya zo da kaji biyu Uba ya yanka, Ruƙayyatu ta yi dambun shinkafa. Ya ari shaddar Uba ta Sallah, ruwan toka, har da hula. Happiness ta ce, "Baba, anya kuwa?" Ya ce, "Ke yarinya ce. Yau rana ce ta rufin asiri."

Mutum biyu suka zo. Madam Winifred, babbar mace mai tabarau da magana a hankali, sai wani saurayi Adeola, wanda shi ma a Sabon Gari ya tashi, shi ke mata tafinta. Uba na zaune a gefe, ya ji komai.

"Baba, Madam tana tambaya, yaya kuke fama da rayuwa?"

"Sai godiya."

"Ana samun abinci kullum?"

Sebastian ya nuna tiren. "Ga shi kuwa. Happiness, ƙara wa Madam cinya."

"Ina mahaifiyar yarinyar?"

"Ta ɗan yi tafiya."

"An ce kana shan giya."

Ya dubi 'yarsa, ya yi murmushi da jajayen haƙoransa. "Wane ni. Goro dai."

Adeola ya rage murya. "Baba, ka faɗi yadda abin yake fa. Don shi aka zo."

"Ɗana, ina ka taɓa ganin an kai kukan gida gaban baƙo, abinci na bakinsa?"

Madam ta ci, ta yaba, ta ɗauki hoton ɗakin. Da suka tafi Clementina har guɗa ta yi, ta ce yau mun fita kunya. Kafin magariba kowa ya kwashe kayansa, ɗakin ya koma tabarma da katifa da sabon fenti.

Amsar ta waya ta zo wa Happiness. Madam ta ji daɗin ganin gida mai tsabta da uba mai kula, saboda haka za a ba wanda ya fi buƙata. Gurbin karatun ya wuce. Teloli suka mayar da abin labarin dariya, wai Injiniya ya yanka kaji biyu ya kori arzikinsa. Happiness ta kama aikin jiran wani shagon magani a bakin kasuwa, tana miƙa wa mutane abin da ta so ta koyi haɗawa. Ba ta yi wa ubanta faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Sau ɗaya kawai, tana zuba masa tuwo, ta ce, "Baba, da ka bar ɗakin yadda yake."

Shekara ta zagayo, ta sake rubuta jarrabawa, ta sake ci, ta sake neman gidauniyar. Wata safiya Sebastian ya shigo cikin shagon, abin da ba ya yi sai da dalili, ya zauna a kan buhun zare.

"Alhaji, sun ce za su dawo."

"Madalla. Wannan karon ka bar ɗakin yadda Allah ya yi shi."

"Matar nan bara kujeru ta gani. In bana ta ga tabarma, cewa za ta yi bana ne muka yi ƙarya. Kuma ba talauci suke nema ba. Wa ba ya da shi a layinmu? Sai an nuna musu abin da ba a arowa."

Nan Uba ya gane giya yake nufin ya sha. "Kai, ka haukace ne? In ma haka ne, ka zuba a riga, ka yi ɗan tangaɗi, shi ke nan."

"Ka manta sana'ata ce ta dā? A ido ake gane mashayi, ba a riga ba. Ita kuma aikinta ke nan, ta ga irinmu ɗari."

"To ka gaya wa yarinyar."

"Ita ce ma ba za ta sani ba sam. Happiness ba ta iya ƙarya ba, uwarta ta biyo. In ta sani, fuskarta za ta tona mu. Sai ta yi kukan gaske."

"Ka tuna abin da ta ce maka a gaban teburin can?"

"Na tuna." Ya ciro goron daga bakinsa, ya dube shi, ya mayar. "Kwalba ɗaya ce, Alhaji. Na taɓa barinta, zan sake barinta. Da ta shiga jami'a zan zaunar da ita in gaya mata da bakina. Kai dai rantse mini ba za ta ji daga gare ka ba sai na ce."

Uba ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce a je wajen Fada, a je wajen masu unguwa, a yi karo-karo. Sebastian ya ce karatun shekara biyar ba ƙunshin goro ba ne. A ƙarshe Uba ya rantse.

Ranar da za su zo Happiness ta share ɗakin, ta shimfiɗa tabarma, ta sayo ruwan leda ta jera a tire. Madam da Adeola suka iso bayan azahar, mai gida bai dawo ba. Uba na tsaye a tsakar gida. Can sai aka jiyo waƙa daga zaure, muryar da gidan ya daɗe da mantawa. Sebastian ya shigo yana dafa bango, rigarsa duk ƙasa, ya yi karo da bokitin Clementina ya kife shi. Ya hango Madam, ya sara mata kamar soja.

"Madam! Kin dawo cin kaza? Babu kaza! Kujerun ma masu su sun karɓe!"

Ya yi dariya, ƙafarsa ta zame a ruwan, ya zube a nan.

Tiren ya suɓuce daga hannun Happiness. Ta ce, "Baba." Sau ɗaya, a hankali, kamar mai kiran wanda ya riga ya yi nisa. Sannan kukan ya zo, irin wanda ba a koya wa mutum. Madam Winifred ta cire tabarau ta rungume ta. Adeola ya dubi Uba, Uba ya dubi ƙasa.

An ba ta.

Gaskiya ta ce a faɗi wannan ma: mutanen nan sun riƙe ta. Sun biya makaranta, sun kama mata gado a ɗakin kwanan ɗalibai, sun saya mata kwamfuta da littattafai, ba ta taɓa shiga aji da yunwa ba. Sun haɗa ta da wata mata da take zuwa wajenta duk wata, su zauna ta amayar da abin da ke cikinta. Da zazzaɓi ya kwantar da ita ana dab da jarrabawa, su suka kai ta asibiti a Shika, suka tsaya har ta tashi. In an yi hutu su samo mata inda za ta koyi aiki, ta zauna a Bomo da wata ƙawarta. Yara da yawa masu kai irin nata sun shiga jami'ar nan sun fita ba su gama ba, don ba wanda ya tsaya musu haka. Ita ta gama, kuma a sahun gaba.

Amma kwalba ba ta zuwa ita kaɗai. Sebastian ya yi mako guda a tabarmar bayan kanta, ya tashi, ya sayi goro, ya sake faɗawa. Jikin ba na dā ba ne, kuma wancan karon akwai mai jiransa a gida. Wannan karon Happiness ta kwashe kayanta ba ta ko dube shi ba. Uba ya gane an yi nisa ranar da mai goro ta wuce ta gaban teburin, Sebastian bai kira ta ba.

"Ta shiga, Injiniya. Ka ce da ta shiga za ka gaya mata."

"In je in ce mata da gangan na yi, ga warin abin a bakina? Ko ke ce ita za ki yarda?" Ya yi dariyar tsokana, Uba bai taya shi ba. "Kuma in magana ta fita, mutanen can su ce an yaudare su, su janye hannu fa? Bari ta gama tukuna."

Gidauniyar tana da wata al'ada. Duk shekara ana tara yaran a babban ɗakin taro, a gaban masu ba da kuɗin, kowa ya hau ya faɗi irin gidan da aka tsamo shi. Happiness ta iya magana, saboda haka ita suka fi so. Suka sa hoton bidiyonta a waya, ya yi yawo har ya iso layin teloli. Wani tela marar ta-ido ya kawo wa Sebastian, ya ce, "Injiniya, ga 'yarka ta shiga duniya." Da Turanci take magana, amma abin da ya sani ya ishe shi. Ta faɗi keken uwarta, ta faɗi hanyar mashaya, ta faɗi sunan da ake kiranta a aji, ta faɗi ranar da ubanta ya zube a gaban baƙi bayan ya yi mata alkawari. Ba ta ƙara ko ɗaya ba. Aka tafa mata, wasu na share hawaye. Sebastian ya kalla har ƙarshe, ya miƙa wayar.

"Ka ji Turanci, Alhaji? Ko tuntuɓe babu."

Ranar Uba ya rufe shago da wuri. Ya je gida ya kasa cin abinci, Ruƙayyatu ta yi tambaya har ta gaji, don ko ita bai gaya wa ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba wanda zai kama da laifi. Yarinya gaskiya ta faɗa. Madam alheri ta yi. Sai dai an kafa alherin ne yadda ba ya shiga gida sai ya ga mai gidan a ƙasa, kuma duk shekara sai an sake kayar da shi a gaban jama'a kafin a sa hannu a aljihu.

Hannun ya koma rawa. Mutumin da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba, sai ga shi yana miƙo wa Uba ta ƙofar shago, yana cewa hasken ne ba kyau. Teloli suka fara kai kekunansu wani layi, sai 'yan tsofaffin da ke jin nauyinsa. Idonsa ya yi ɗorawa, ƙafafunsa suka kumbura. Happiness takan zo kasuwa jefi-jefi, ta durƙusa ta gaida Uba, ta ajiye ledar magani ta ce a ba shi. In ta tarar da shi a teburin ta ce, "Ina wuni, Baba," ya ce, "Lafiya lau, yaya karatu," shi ke nan, kamar masu haya a gida ɗaya.

Da bikin yaye su ya matso ta zo ta sami Uba. "Baba Uba, ka gaya masa in zai zo, ya zo cikin hankalinsa. In ba zai iya ba, ya yi zamansa, ba zan ji haushi ba." Sebastian ya yi kwanaki bai sha ba, yana karkarwa kamar mazari. Ya ari shaddar nan ruwan toka, wadda yanzu ta yi masa yawa, ya shiga motar Samaru shi kaɗai. Ya dawo bai ce komai a kan bikin ba, Uba kuma bai tambaya ba. 'Yan makonni bayan nan Clementina ta tsaya a ƙofar shago ba ɗankwali.

An binne shi bayan an yi masa addu'a a cocinsu. Uba ya tsaya daga baya tare da teloli. Da aka watse Happiness ta zo ta durƙusa gabansa, idonta a kumbure.

"Baba Uba, na yi ta ƙoƙari in yafe masa. Wallahi na yi. Shekara nawa ya riƙe, sai ranar nan ɗaya, ranar da ya san rayuwata na kai? Me na yi masa?"

Maganar ta taso wa Uba har maƙogwaro. Ya haɗiye ta, ya ce, "Kin samu aiki, 'yata?"

Ta dube shi da mamaki. "Tukuna, Baba. Sai na yi shekarar koyon aiki da bautar ƙasa."

"To. Allah ya kawo mai albarka."

Ba don ba shi da abin faɗa ba ne. Sabon wa'adi aka ɗora masa, kuma wanda ya ɗora ya tafi bai sauke ba.

Da la'asar ɗin ranar da ta zama ta ƙarshe a rayuwar abokinsa, Uba yana shigar da kaya zai rufe shago, Sebastian ya zo da shaddar a leda, an wanke ta, an kai ta wajen masu bugu. Ya ajiye a kan kanta, ya jingina da ƙofa don tsayuwa ta fara yi masa wuya.

"Ga amanarka, Alhaji. Sau biyu ta fitar da ni kunya."

"Ka riƙe ta mana. Ni ta yi mini kaɗan."

"Kayan aro a mayar wa mai shi, wannan darasin na haddace." Ya gyara tsayuwa. "Ka san na gan ta? Cikin rigar nan tasu, da hula mai tuntu. Ta fi kowa tsayi. Da ta hango ni ta baro mutane ta taho, ta matso har jikina. Na buɗe hannu, na ɗauka rungume ni za ta yi."

"Sai me?"

"Shinshina ni ta yi." Ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Da ta ji babu, ta ce, sannu Baba, ka zo. Sai aka kira ta hoto da Madam. Madam ma ta gaishe ni, ta ce Allah ya shirye ni. Na ce amin."

"Kai ba a yi hoton da kai ba?"

"Layin da tsawo, ƙafata kuma ba ta jira."

Uba ya ajiye kwalin da ke hannunsa. "Injiniya, ta gama. Ba wanda zai ƙwace mata komai yanzu. Ka sake ni in gaya mata, ko mu je tare gobe."

"In ka gaya mata yanzu, duk ranar da ta buɗe takardar shaidar karatunta warin ogogoro za ta ji. Ita ta yi karatunta, ba ni ba. Bar ta ta ɗan ji daɗinta."

"Ka ce sai ta shiga. Ka ce sai ta gama. Sai yaushe kuma?"

"Bari ta samu aiki tukuna."

"Aiki? A ƙasar nan?"

"To ka ga sai ka yi ta addu'a ke nan." Ya nuna keken da ke buɗe a teburin. "Kada ka bari yara su taɓa mini ƙusoshin can, da safe zan haɗa shi. Ka gaida Ruƙayyatu, ka ce ina bin ta dambu."

"Za ta ji. Allah ya kai mu, Injiniya."

"Amin, Alhaji."